Kaset ɗin Babura

Yanzu na zo kan shekarar da Inna ta kwanta, kuma nan ne na fi jan ƙafa kafin in rubuta. Na san abin da kuka ji daga bakin Gwaggonku Talatu. Ba zan ce ta yi ƙarya ba, don ba halinta ba ne. Amma ita ƙarshen zancen ta tarar, ni kuwa da hannuna aka yi aikin, saboda haka ku ji yadda ya tafi tun daga tushe. Ke Hadiza, ke abin ya fi shafa, tunda maganar mahaifinki ce, kuma a gidana kika tashi ba tare da kin san shi ba. Karatuna bai wuce firamare ba. Inda rubutun ya karkace ku bi ma'ana ku wuce.

Habu ƙanena ne, shi ne autan Inna. Lokacin da nake koyon gyaran rediyo a bakin tashar Kazaure, shi yana zuwa bayan shagon yana tsintar matattun lasifika. Da gwangwanin mai da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Mahaifinmu, wanda duk gida ke kira Malam, ya same shi da ita a bayan rumbu, ya sa ƙafa ya take ta. Bai dake shi ba. Cewa kawai ya yi muddin ana kiran gidan nan da sunansa, kunnen kowa a ciki ba zai ji wannan abu ba. Habu kuwa dama magana ba ta dame shi ba. Da ya tasa sai ya bi wasu 'yan Nijar masu kiɗan jitar lantarki, ya tafi. Kiɗan nasu ba irin na kalangu da kukuma da muka saba ba ne. Jita ce ake jona wa wuta, a murɗa amfilifaya har ƙarshe, ta riƙa kururuwa kamar ana yanka kwano da zarto, ga gangunan bature suna bugawa a baya. Matasa suna haukar sonsa, dattawa suna tofar da yawu. Sau ɗaya suka tsallako suka yi wasa a Babura ranar kasuwa. Na ji labari, ban je ba, don Malam yana raye. Daga baya zazzaɓi ya kashe Habu can cikin Nijar, wani direba ya kawo mana labarin bayan an daɗe da binne shi. Dangin uwarki suka kawo ki kina tatata. Malam bai ƙara ambaton sunansa ba har ya koma ga Allah.

Shekaru suka tafi, gyaran rediyo ya mutu a hannuna. Ba wanda ke kawo rediyo, sai dai a yar a sayi sabuwa. Na koma cajin waya da zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori, da wata tsohuwar kwamfutar cinya da na saya a Kano. Wata rana da hantsi wani ɗan acaɓa daga Roni ya kawo waya caji, kafin ya miƙo ta yana jin wani abu mai ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Na ce ya kashe mini wannan hayaniya. Ya ce ai wannan tsohon wasan Babura ne, duk gurup-gurup ɗinsu na waya ana ta tura shi. Kafin ya kai hannu ya kashe, mawaƙin ya ɗaga murya a cikin shirmen nan ya ce, Habu na Kazaure, ba su wuta. Sai jita ta taso. Na zauna a kan bencin da ke bayana ban san na zauna ba.

Abin da ke cikin wayar ba sauti ba ne, gawar sauti ce. An kwafa daga kwafi, kowace turawa tana matse shi, har gangunan suka koma kamar ana buga kwali. Duk da haka na zuba a kwamfuta. Ke kika ji shi a shago da kika kawo mini abinci, daga bakinki ya kai ga Talatu, daga Talatu ya kai ɗakin Inna. A lokacin hawan jini ya riga ya taɓa mata ɓari ɗaya, kunnenta na dama ya toshe, na hagu ma sai an matso. Ta aika a kira ni.

"Sa'idu, an ce Auta yana cikin waya."

"Kiɗansa ne, Inna."

"Ban tambaye ka kiɗa ba. Malam ya yi magana a kan kiɗa, kuma mutuwarsa ba ta ɗauke maganar ba. Muryarsa nake so in ji. Ko tari ne."

"Ai ba ya waƙa, wani ne mawaƙin."

"Na sani, ni na haife shi. Amma mutum ba ya wuni a wuri bai ce komai ba. Kai ba aikinka ba ne? Ka ciro mini shi kafin kunnen nan ya bi ɗan'uwansa."

Na koma shago na saurari abin daga farko zuwa ƙarshe. A tsakiya akwai wurin da waƙa ta katse ba ta kai ƙarshe ba, sai kawai aka yi tsalle zuwa wata. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san dalili. An fara wasan bayan la'asar, magariba ta riske su, ladan ya kira salla, kuma ko makaɗin da ya fi kowa taurin kai yana sauke hannu idan ladan ya ɗaga murya. Wanda ya zuba wasan a waya ya ga wurin babu kiɗa, ya yanke shi ya yar. Ni kuwa wurin nake nema. Idan Habu ya taɓa buɗe baki a ranar nan, a wannan shirun ne.

Saboda haka na shiga bin sawu daga waya zuwa waya. Ɗan acaɓan ya ce a wurin wani mai shayi a Gwiwa ya samu. Mai shayin ya ce wani direban hanyar Babura ne ya tura masa. Direban ya yi ta mini dariya, ya ce mutum da furfura yana yawon neman kiɗan 'yan iska, amma ya kai ni har rumfar wani mutumin Magarya mai suna Issufu, da ke sayar da kanwa da dabino a kasuwar Babura. Dattijo ne siriri, muryarsa ƙasa-ƙasa mai ɗan gurnani, kamar wanda goro ya tsaya wa a maƙogwaro. Da na gaya masa ko ni wane ne, sai ya tashi ya sake ba ni hannu.

"Ni na ɗauka," ya ce. "'Yar rikoda gare ni a aljihun gaba, na zauna a layin farko. Ƙanenka in ya kama jita ba ya duban kowa. Ƙasa yake kallo kamar wanda ya yar da allura."

"Kaset ɗin yana nan?"

"Yana nan, amma ya tsufa kamar ni. Jikana ne ya kara waya a bakin rediyo ya ɗauka, tun daga ranar kuma ya ƙi juyawa."

"Ka ba ni aro."

"Ban taɓa ba kowa ba." Ya dube ni. "Don tsohuwa ka ce? To. Ka dawo mini da shi ko da bai gyaru ba."

Daga cikin wata jakar fata ya ciro shi, duk garin kanwa. Da na kai shago na kwance kusoshin, sai na ga fumfuna ta yi wa zaren fari, ya manne da juna, ɗan soson da ke tura zare kan hed, wato ƙarfen da ke karanta sauti, ya ruɓe. Na ciro zaren na mayar da shi cikin ƙoƙon wani kaset na wa'azi mai lafiya. Na sa biro ina juyawa a hankali, ina sharewa da busasshiyar auduga, don ko ɗigon sifirit ya taɓa shi baƙin zai bi audugar ya tafi da muryar. Wuri biyu ya tsinke a hannuna, na yanke bakin a karkace da reza na haɗa da siririn salatif ta baya. Tsohuwar dek ɗina ta kunna kaset bel ɗinta ya saki, tana jan sauti kamar mai maye. Babu inda zan sami sabo, sai na jefa shi a tafasasshen ruwa ya tsuke. Sannan na sa ƙaramin sukundireba a kusar hed ina murzawa kaɗan-kaɗan, kunne a lasifika, har inda sautin ya buɗe kamar an ɗage labule. Wutar gari ba ta da amfani a wannan aiki, janaretan maƙwabcina kuma yana shiga cikin waya ya bar gunjinsa. Da batirin mota na ja dek ɗin, na rufe shago da rana tsaka, masu caji suna buga ƙofa ina jinsu. Yawancinsu suka koma wurin wani, ba su kuma dawo ba.

Ranar da wasan ya shiga kwamfuta gaba ɗaya na ji abin da 'yan waya ba su taɓa ji ba. Ba zan ɓoye muku ba, yaron ya iya. Jitar tana hawa tana hawa har ka ce za ta tsinke, sai ya sake ta ta gangaro. Na yi shekaru ina ɗauka ɓata rayuwarsa ya yi a kan hayaniya. To, wannan ba shi Inna ta aike ni ba. Na wuce zuwa wurin da kiɗan ya tsaya.

Ga abin da ke wurin. Janaretan masu wasa yana ta gunji, ya rufe komai. Bencuna suna ƙara, mutane suna tashi neman buta. Can nesa ladan yana kira. Kusa da rikoda, kusa ƙwarai, wata murya ƙasa-ƙasa tana amsa masa jimla bayan jimla, yadda aka koya mana tun muna yara. Wannan ban yi wahalar gane ta ba, don na zauna da mai ita, Issufu, a rumfarsa, kuma rikodar a ƙirjinsa take. Can kan dandali akwai gunaguni na mutum biyu ko uku. Sannan a ƙarƙashin duka, siriri kamar sauro, wani yana taɓa wayar jita da aka riga aka kashe wa wuta. Tin, tin, ya murɗa, ya sake taɓawa. Wannan kam na san hannun. Tun yana yaro ba ya iya barin waya ta huta, ko ana cin abinci yatsunsa suna motsi a kan cinya.

A kwamfuta sauti yana fitowa kamar zane, tudu da kwari kamar duwatsun bayan garinmu. Za ka nuna mata wurin da babu komai sai gunjin janareta, ka ce wannan ne datti, ta bi ta tsince shi ko'ina. Idan ka matsa mata da yawa sai ta cinye har da mutanen, muryoyi su koma kamar ana magana a cikin randa. Idan ka sassauta kuma gunjin ya dawo. Haka na yi ta yi ina ɓatawa ina sakewa, har na samu gunagunin dandali ya ɗan ɗago kai. A ciki akwai wanda ya ce, miƙo mini ruwan nan. Iyakar abin da ya fito ke nan. Na saurare shi har kunnuwana suka yi zafi. Wata rana in ce Habu ne, wata rana in ce mai ganga ne. Gaskiyar ita ce na manta muryar ƙanena. Mutumin da bai cika magana ba, ga shekaru sun yi yawa.

Saura wayar jita. Inna ta ce ba ta son kiɗa, kuma wannan ma a lokacin kiran salla ake taɓa ta. Na san abin da za ta ji a ranta idan kunnenta ya kama. Kowane taɓi yana fitowa a zanen kamar tsinken tsintsiya a tsaye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge. Aikin ya yi kyau, ko ni da na yi ba na gane inda suke a da.

Na kai wa Inna da hantsi, lokacin da kanta ya fi sakewa. Talatu tana bakin gado, ke kina tsaye a jikin ƙofa. Na ajiye ƙaramar lasifika a kan matashi wajen kunnenta na hagu. Niyyata in bari a zo wurin ruwan nan in ce mata, Inna, ina zaton wannan ne, Allah ne masani. Ladan ya fara daga nesa, ba ta ji shi ba. Sai muryar kusa ta amsa. Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya.

"Ga shi nan."

Na buɗe baki, ta riga ni.

"Ga Auta nan. Ku ji shi, yana amsa kiran salla." Hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi. "Malam ya tafi kabari da zaton yaron nan ya bar salla. Na ce masa ba haka na rene shi ba, ya ce in yi shiru. Talatu, kina ji?"

"Ina ji, Inna."

Tana cikin wannan magana aka ce miƙo mini ruwan nan, ya wuce, ba wanda ya kula. Ko da an yi shiru ma kunnenta ba zai kai can ba.

"Inna," na ce, "akwai mutane da yawa a wurin."

"Ina ruwana da mutane? Za ka koya mini muryar ɗana ne? Ta yi kauri, ai girma ya yi. Mayar baya."

Na mayar baya. Abin da na yi ke nan, kuma shi ne laifin da ake ɗora mini. Ban ce shi ne ba. Ban ce ba shi ba ne. Na dubi tsohuwar da ta yi shekaru ba ta da inda za ta ajiye ɗanta, ga shi ta samu wuri, na sa yatsa na danna.

Daga ranar kullum sai an kunna mata. Kuka zuba a wayoyinku. Matan unguwa suka riƙa shigowa, ta sa su yi shiru su saurara, su ce Allah ya jiƙan Habu, ashe mutumin kirki ne. Ta koma shan kunu bayan ta daɗe tana turewa. Ni kuma na rage shiga ɗakin. Idan na shiga sai ta kama hannuna ta sa mini albarka, in fito kamar an ɗora mini buhun gero. Sau biyu na shirya maganar a hanya, in na iso bakin ƙofa sai in ji muryar Issufu tana tashi daga kan matashinta, in juya. Na mayar masa da kaset ɗinsa kamar yadda na yi alkawari, ban gaya masa komai ba. Kunnen hagun ya rufe gab da ƙarshen damina. Ko bayan nan tana sa a ɗora mata wayar a ƙirji, ta ce tana jin motsinsa. Ba ta kai kaka ba.

Ranar sadakar uku muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida sai ga Issufu ya sauko daga acaɓa. Direban nan na hanyar Babura ne ya gaya masa. Mutum ya rufe rumfarsa ya taho tun daga Babura don tsohuwar da bai taɓa gani ba, ba zan ce masa ya koma ba. Wuri ya cika, aka matsa aka ba shi wuri a cikin zaure, daf da ƙofar da ke shiga cikin gida. Ya yi ta'aziyya, aka shafa. Muna nan aka kira la'asar a masallacin unguwa. Ya sunkuyar da kai ya fara amsawa, ƙasa-ƙasa, da gurnanin nan nasa. A daidai lokacin Talatu ta zo bayan labule za ta miƙo kwanon ruwa, ke kina biye da ita da kofuna. Na ga ƙafafunta a ƙasan labulen sun tsaya. Ba ta miƙo kwanon ba har ladan ya gama.

Bayan an idar da salla sai ta sa aka kira ni ɗakin Inna. Gadon yana nan ba a ɗauke shimfiɗar ba.

"Wane ne wancan siririn?"

"Issufu ne, mai kaset ɗin. Rikodar a aljihunsa take ranar wasan."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin in kawo."

"Kana tsaye uwarka tana kuka a kan muryar mai kanwa."

"Yaya, da ke ce za ki faɗa mata?"

"Da ni ce ban kawo ba." Ta zauna a bakin gadon. Ta daɗe tana kallon matashin, sannan ta ce, "To shi Autan, yana ciki ko ba ya ciki?"

"Yana ciki. Yana taɓa wayar jita."

"Ban ji wata jita ba."

"Na goge. Inna ta ce ba ta so."

Ta ɗauki mayafinta ta fita, kuma tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a gidan biki ko gidan mutuwa. Ke kuma, Hadiza, na ga lokacin da kika ciro waya a tsakar gida kika share abin. Ba ki yi mini rashin kunya ba, kin ci gaba da kawo mini abinci shago har aka kai ki ɗakinki, amma ba ki ƙara tambayata komai game da mahaifinki ba.

Na ji Issufu ya rasu bara, ban san hannun da kaset ɗin ya faɗa ba. Kwamfutar ma allonta ya mutu. Kafin ta mutu na kwashe wanda ban taɓa ba, na farkon da ya fito daga dek, yana cikin memori a wurin matata. Babu daɗin ji. Janareta yana gunji, bencuna suna ƙara, wani bawan Allah yana amsa ladan a kusa. Sai kin sa abin kunne, kin rufe ɗaki, kin daure wa hayaniyar, sannan za ki ji shi can ƙasa yana gyara wayar jitarsa a lokacin da ya kamata ya bari. Ba zan sake gyara wa kowa shi ba. Idan kina so ki zo ki karɓa yadda yake.